Rijiyar da ta haifi Kingsville

Yau na buɗe taswirar Kingsville ta jihar Texas, sai sunayen tituna suka tsayar da ni: Henrietta, Richard, Alice, Kleberg. Ashe 'yan gida ɗaya ne. Richard King ya sayi fili a bakin rafin Santa Gertrudis a 1853 don kiwon shanu. Da ya rasu a 1885, matarsa Henrietta ta gaji makiyaya mai faɗin gaske, haɗe da bashi mai nauyi. Amma ƙasa ce mai ƙishi. In fari ya zo shanu su yi ta faɗuwa, balle mutum ya yi tunanin kafa gari.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne 1899, lokacin da surukin Henrietta, Robert Kleberg, mijin 'yarta Alice, ya samo injin haƙa mai ƙarfi, aka nutsa ƙasa sosai har ruwa ya ɓullo yana tunkuɗo kansa ba famfo. Daga nan komai ya bi layi. Ruwa ya samu, Henrietta ta ware fili don jirgin ƙasa ya ratsa, aka yanka fuloti mil uku daga gidan gonar, ta kuma sa sharaɗi a takardun filaye cewa ba a sayar da giya. Jirgin farko ya iso ranar 4 ga Yuli, 1904. Tun ɗazu nake tunanin ma'aikatan da suka tsaya a bakin rijiyar nan suna kallon ruwa na malala a busasshiyar ƙasa, alhali ba a ɗora tubalin garin ko ɗaya ba.