Saƙon Godiya Bayan Taron Rabin Shekara na Makarantarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin malamai da kwamitin iyaye na ƙaramar makarantarmu da ke nan Gadarif a gabashin Sudan, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu a taron rabin shekara da muka gudanar ranar Alhamis ɗin da ta gabata, da kuma duk wanda ya ɗauki wani ɓangare na nauyin makarantar tun daga ranar da muka sake buɗe ta. A wurin taron lokaci ya ƙure mana, kuma yawancin jawabai da Larabci aka yi su saboda baƙinmu, shi ya sa na ga ya wajaba in rubuta godiyar da harshen gida, domin ta isa ga iyayenmu mata da suka wuni a bakin murhu ba su ji abin da aka faɗa ba, ta kuma isa ga 'yan'uwanmu na Jidda da Makka da Kano waɗanda taimakonsu ya zo, su kuwa hanya ba ta ba su damar zuwa ba.

Kowa a unguwa ya san cewa wannan makaranta ba ta da gwamnati a bayanta, ba ta kuma da wata ƙungiya mai ba ta kuɗi. Ajujuwa shida ne na firamare, ana bin manhajar ƙasa da safe, a koma kan allo da tawada bayan La'asar, kuma ɗan kuɗin da iyaye ke biya shi ne albashin malamai, shi ne alli, shi ne ruwan sha. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 muka rufe kamar yadda kowa ya rufe, muna zaton abin na makonni ne. A Oktoban wannan shekarar UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a faɗin Sudan, namu kuwa suna cikinsu. Sai Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, ta faɗa hannun mayaƙan RSF masu yaƙi da sojoji a Disamban 2023, Sinja ta biyo baya a ƙarshen Yunin 2024, motoci suka riƙa sauke jama'a a Gadarif dare da rana, wasu da buhu ɗaya, wasu da kayan jikinsu kawai. Kwamiti ya buɗe musu ajujuwan. An tara bencina a kusurwa, an ɗaura igiya daga taga zuwa taga an rataya zannuwa domin kowane gida ya sami sutura, kuma a aji na uku, a ƙarƙashin baƙin allon da har lokacin darasin ƙarshe na rubuce a jikinsa, aka haifi jariri.

Godiyata ta farko ga dattawan unguwa take, saboda matsayar da suka ɗauka a lokacin da maganar sake buɗewa ta taso. Ra'ayi ya rabu a zaman kwamiti, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa: yara sun daɗe a gida, wasu sun fara yawon kasuwa, amma ajujuwan cike suke da mutanen da ba su da inda za su. Ɗaya daga cikin iyayenmu, dattijon da asalin gidansu garin Mai Wurno ne, ya tuna mana cewa kakanninmu ma da ƙafa suka iso ƙasar nan, wasu a kan hanyar Hajji, wasu a hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Ya ce jikan baƙo ba ya korar baƙo, kuma idan ɗaki ne ya yi ƙaranci, to a ƙara ɗaki. A kan haka aka tashi, ba a ce wa kowa ya fita ba.

Samarin unguwa ne suka mayar da wannan magana aiki. Sun yi gayya a ranakun Juma'a da Asabar, suka kafa rumfuna a tsakar makarantar da itace da zana da karan dawa, suka haƙa magudanar ruwa a gefensu saboda sun san halin baƙar lakar Gadarif idan damina ta sauka. Wani kafinta ya tsaga tsohuwar ƙofa ya shafe ta da baƙin fenti ta zama allo, bai karɓi ko sisi ba. A waɗannan rumfuna muka fara karatu, ƙananan ajujuwa da sassafe, manya da hantsi, iyalan da ke cikin ɗakunan kuma suka riƙa hana 'ya'yansu hayaniya har a tashi, daga baya ma suka turo su suka zauna tare da namu. Bayan sojoji sun karɓe Wad Madani a Janairun 2025 da yawa daga cikinsu sun koma gida, mun sami ajujuwanmu, kuma sun bar su a share tsaf. Waɗanda suka zauna sun zama 'yan unguwa, 'ya'yansu suna cikin rajistarmu a kan sharaɗi ɗaya da na kowa, wanda ba shi da halin biya kuma ba a taɓa karanta sunansa a gaban aji ba.

Ga malamai, ban san kalmar da za ta biya su ba. Tsofaffin malamanmu sun yi watanni suna karɓar rabin albashi, wani watan ma babu, kuma babu wanda ya ajiye alli. Sai Allah ya haɗa mu da malaman da gudun hijira ya kawo, cikinsu har da wanda ya shekara da shekaru yana koyar da lissafi a sakandare a Bahri, wato Khartoum ta Arewa, ya yarda ya durƙusa a kan tabarma yana koya wa 'yan aji biyu ƙirga da 'ya'yan tsamiya. Aikin da suka tarar ya fi na kowace shekara wuya, domin shekarun yaro sun daina nuna ajinsa. Akwai ɗan shekara tara da bai taɓa riƙe fensir ba, akwai 'yar shekara goma sha biyu da ta iya karatu kafin yaƙi amma ya zube mata. Malaman suka gwada kowane yaro shi kaɗai, suka ware ajin cike giɓi na sa'a ɗaya kafin a shiga darasi, kuma suka yi hakan ba tare da sun kunyata babba a gaban ƙarami ba.

Akwai kuma abin da babu shi a manhaja. Wasu daga cikin yaran da suka zo daga Jazira, idan iska ta bugo ƙofa ko raksha (keke mai ƙafa uku) ta yi ƙara a titi, sai ka gan su a ƙarƙashin benci. Wata yarinya a aji huɗu ta ƙi zama ko'ina sai bakin ƙofa, takalmanta a hannu, ba ta amsa tambaya, ba ta fita wasa. Malamar ajin ba ta matsa mata ba, ta dai mayar da kujerarta kusa da ƙofar, ta ba ta aikin raba litattafai kowace safiya. Ranar Alhamis wannan yarinya ce ta tsaya a gaban iyaye ta karanta sakamakon ajinsu da murya mai ƙarfi, kuma na ga mahaifiyarta ta rufe fuska da mayafi. Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki ga irin wannan a kan naki 'ya'yan.

Ruwa tsohuwar matsala ce a Gadarif, kuma ya zama maganar rai da mutuwa tun da ma'aikatar lafiya ta sanar da ɓarkewar kwalara a Agustan 2024, jiharmu da Kassala suna cikin wuraren da ta fi tsanani. Muna godiya ga 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya da ta riƙa zuwa a ranar hutunta tana nuna wa yara wankin hannu, tana auna mana maganin da ake sa wa ruwa, ta kuma koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari da alamomin da idan an gani ba a jira gari ya waye. Muna godiya ga mai amalanken jakin da ke kawo mana ruwa, wanda kullum da makaranta yake fara juye gangarsa ta farko kafin ya shiga gidajen da ke biya nan take, yana jiranmu har ƙarshen wata. Ya zo taron ya tsaya can baya kusa da jakinsa, ya ƙi shigowa rumfa duk da kiran da aka yi masa. Baba, randunanmu ba su taɓa kwana babu ruwa ba saboda kai, kuma yaran sun san haka.

Iyayenmu mata su ne suka riƙe faturu, wato abincin karin kumallon yara. Sun raba kwanaki a tsakaninsu gida gida, yau balila, gobe ful da burodi idan an samu, jibi ƙosai ko godogodo, kuma sun kafa doka cewa a faranti ɗaya ake ci, kada a gane wanda uwarsa ta kawo da wanda ba ta kawo ba. A ganina wannan doka ta riƙe yara a makaranta fiye da duk wata nasiha da muka yi, domin yaron da ya san zai karya kumallo da hantsi ba ya neman hanyar kasuwa. Manoman unguwa kuma, da kaka ta yi, kafin su kai amfaninsu kasuwar hatsi sai da suka ware wa makaranta rabonta na dawa da riɗi, wani da buhu, wani da kwano, aka sayar da riɗin aka biya bashin malamai.

Tun da na ambaci riɗi, bari in gode wa iyaye a kan wani abu da ya fi ba ni tsoro a wannan zangon. Riɗi ba ya jira, idan ya nuna ba a yanke shi ba kwansonsa ya fashe ya zube a ƙasa, kuma a shekarar da komai ya yi tsada babu magidancin da zai iya barin hannu ɗaya a gida. Manyan yaranmu maza sun tafi gona, ajujuwa biyar da shida suka kusa zama na mata zalla. Ban ga laifin kowa ba a kan haka, shi ya sa muka ɗage jarrabawar rabin shekara har aka gama yanka da ɗauri. Abin da na roƙa shi ne a dawo mana da su, kada kuɗin ƙwadago ya yi musu daɗi su zarce, kuma kusan dukansu sun dawo. 'Yan kaɗan da suka rage, kwamiti zai bi gidajensu a cikin wannan hutu, ina kuma roƙon iyayensu su karɓe mu da fuskar da suka saba.

'Yan'uwanmu na waje, saƙonninku sun iso ta Bankak, manhajar banki ta waya, kuma sun iso a lokacin da takardar kuɗi ta yi wuya a hannu, musamman bayan canjin kuɗin da aka fara a Disamban 2024. Wani mai kanti a unguwa ya riƙa karɓar abin da kuka turo yana ba mu tsabar kuɗi cif, ba ya cire ko fam ɗaya, alhali a kasuwa sai an yanke wani abu. An karanta lissafin shiga da fita gaba ɗaya a gaban iyaye ranar taron, littafin kuma yana hannun ma'ajin kwamiti, duk wanda ya ba da wani abu yana da haƙƙin a aika masa hoton shafukan.

Shi kansa taron ya yi kyau fiye da yadda muka tsara. Ɗalibanmu da suka sauke Alƙur'ani sun fito da allunansu masu zayyana, limamin unguwa ya ja musu baƙi suka biya, aka yi musu addu'a. Masu agashe na bakin titi sun rufe teburansu na yini guda suka zo suka gasa wa baƙi nama kyauta, matan maƙwabta kuma suka zo da kayan jabana, ƙanshin gahawa da citta ya cika tsakar makarantar. Maƙwabtan namu da ba Hausawa ba, waɗanda 'ya'yansu ke zama benci ɗaya da namu, sun zo da kujerunsu da tabarminsu tun da safe, kuma su ne na ƙarshe wajen tashi bayan an kwashe shara. Mun ga wannan, kuma ba za mu manta da shi ba.

Game da sakamako, karatu da rubutu sun farfaɗo sosai a ƙananan ajujuwa, 'yan mata kuma su ne a gaba a yawancin ajujuwan. Lissafi a aji huɗu da biyar har yanzu yana da rauni, musamman rabawa, don haka ajin cike giɓi zai ci gaba a zango na biyu, muna kuma roƙon iyaye su riƙa sako yaran da wuri. Litattafai ba su wadata ba, yara uku ko huɗu ke duba ɗaya, saboda haka duk gidan da ke da tsofaffin litattafan firamare a cikin akwati ya taimaka ya kawo. Rufin aji na shida yana yoyo, banɗakin 'yan mata kuma yana buƙatar ƙari, kuma kwamiti ya yanke shawarar a gama duka biyun kafin ruwan Yuni ya sauka. Za a sanar da ranar gayyar a masallaci bayan sallar Juma'a.

Muna miƙa ta'aziyya ga iyalan ɗalibai da malamai da suka yi rashi a wannan zangon, a nan Gadarif da can inda suka baro. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya mayar da kowane mai gudun hijira ɗakinsa cikin aminci, ya saka wa duk wanda muka ambata da wanda ya roƙi kada a ambace shi. Za a koma karatu ranar Lahadin farko bayan hutu, da ƙarfe bakwai na safe, in sha Allahu.

Wassalamu alaikum.

Shugabar makaranta, a madadin malamai da kwamitin iyaye.