Kwana Uku a Gidan Hajiya a Zariya

Da hutun ƙarshen shekara ya kawo jiki, maiɗakina ta ce ita fa bana ba ta son otal mai hawa-hawa, irin wanda za a miƙo maka kati a ce ɗakinka na ɗari biyu da kaza, ka kwana ka tashi babu wanda ya san da zamanka. Wani abokin aikina da ya yi karatu a Samaru ne ya kwatanta mana wani ƙaramin masauki a GRA ta Zariya, mai ɗakuna takwas kacal. Muka baro Kano bayan azahar, hazo ya rufe gari, muka bi ta Kura da Kwanar Dangora da Tashar Yari, ana kiran magariba muna Kwangila.

Sau biyu muna wuce gidan, don allon sunansa bai fi faifai girma ba. Baba maigadi ne ya ɗago mana hannu. "Sannunku da hanya, Alhaji. Hajiya na ciki, tun la'asar take tambayar ku."

Ta zaure aka shigar da mu, ba ta gaban kanta ba. Hajiya tsohuwar malamar makaranta ce, gidan kuma na marigayi mijinta ne ta gyara ta mayar da shi masauki. Ta riƙe hannun maiɗakina tana cewa, "'Yata, kin sha sanyi, zo ki zauna nan," kafin ma a yi maganar kuɗi an kawo kunun gyaɗa da zafinsa.

Ɗakin da aka ba mu shi ya fi tsaya mini a rai. Ginin ƙasa ne, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, rufinsa ɗaurin guga. Na kwanta rigingine ina bin bakan gizon da ido, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin, yadda kowane ya taso daga bango ya lanƙwaso suka haɗu a tsakiya, azara a jere tsakaninsu kamar haƙoran mataji. A kan gado an shimfiɗa gwado saƙin hannu, ga ƙorai uku masu zane a rataye. Banɗakin kuwa na zamani ne, da tayil da ruwan zafi. Cikin dare iskar hunturu na kaɗa darbejiyar tsakar gida, amma ɗakin ɗumi gare shi, domin bangon ƙasa yakan sha zafin rana da yini ya riƙa sakinsa a hankali da dare. Rabona da irin wannan barci tun ina yaro a ɗakin kakata.

Da safe, muna cin waina da miyar taushe, na yaba mata ginin. Ta yi murmushi ta ce, "Alhaji, wannan ai jika ne. In kana son ganin kakansa, ka shiga birni ka ga masallacin Juma'a."

Muka shiga ta Ƙofar Doka har bakin fada, inda zanen ƙofar gidan Sarkin Zazzau yake ɗaukar ido tun daga nesa. Tsohon masallacin aikin Babban Gwani Malam Mika'ila ne, a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Yanzu sabon gini ya lulluɓe shi, daga waje ba za ka san abin da ke ciki ba. Sai ka cire takalmi ka shiga, ka ga ginshiƙan ƙasa jibga-jibga da zane a jikinsu, bakan gizo na tashi daga wannan zuwa wancan. Na dafa ɗaya, sanyi ƙalau. Kusan shekara ɗari biyu ke nan ana sallah a ƙarƙashinsa. Raina ya sosu da na tuna yawan sorayen da muka rushe da hannunmu muka kafa bulo da kwano, muna kiran abin ci gaba, alhali ga maginan nan da ransu, aikin ne babu mai ba su.

Sauran yawon a gurguje muka yi shi. Mun tsaya wani zaure inda dattawa ke ɗinkin babbar riga, wani na fitar da aska takwas da allura ko zane bai duba ba. Mun leƙa Tudun Jukun, inda aka daɗe ana buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a 1939, muka zaga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, muka hango Dutsen Kufena da yamma ya yi dishi-dishi cikin hazo.

Ba na ɓoye cewa kuɗin ɗakin ya ɗara na otal-otal ɗin da na saba sauka, intanet ɗin gidan kuma sai ka fito tsakar gida yake kamawa. A dare na biyu aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, ruwan famfo ya koma ƙanƙara. Na fara ɓata rai, sai na ji sallama a bakin ƙofa. Hajiya ce da kanta riƙe da fitila, yaro na biye da ita da bokitin ruwan da aka dafa a murhu. "Ku yi haƙuri, Alhaji, laifinmu ne. Bakanike zai zo da sassafe." Ya kuwa zo.

Ranar da za mu tafi na tarar Baba ya wanke motar tun da asuba, a cikin wannan sanyi. Hajiya ta rako mu har zaure, ta danƙa wa maiɗakina ƙullin daddawa da kuka. Sai da muka wuce Kwangila maiɗakina ta buɗe baki, ta ce in mun tashi ginin filinmu, ɗaki ɗaya dai a nemo magini a yi mata shi da ƙasa.