Gero a Cikin Huhun Kawu

A watan Janairu, lokacin da sanyin Jos ke ratsa bargo, na raka kawuna asibiti saboda rama da zazzaɓin dare da suka shafe wata biyu suna cinsa. Likita ya ɗora hoton ƙirjinsa a kan fitila, ya nuna mini huhun nan biyu da ya kamata su fito baƙi saboda iskar da ke cikinsu, amma sun cika da ƙananan ɗigo farare kamar an watsa gero a kan tabarma. Ashe sunan da likitoci ke kiran wannan nau'in tarin fuka ma daga kalmar gero ta harshen Latin ya samo asali, kuma yana faruwa ne idan ƙwayar cutar ta shiga jini ta bazu.

Duk da haka likitan ya ƙi yanke hukunci. Kawu ya yi ƙuruciyarsa yana haƙar kuza a wajajen Bukuru, ƙurar dutse kuwa takan bar tabon da ke kama da wannan a hoto. "Baba, hoton nan inuwa kawai yake nuna mana," in ji shi. An gwada kakinsa a na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tarin fuka, wadda ke ba da sakamako cikin kimanin awa biyu, ba a ga komai ba.

Sai aka koma kan wata kaluluwa da ta kumbura a wuyansa, aka yanko ɗan yanki, aka yayyanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, aka rina shi, aka duba a madubin likita. A nan ne, a ganina, aikin ya fi ban mamaki. Ƙwayoyin garkuwar jiki sun kewaye cutar kamar ganuwa, wasunsu sun haɗe sun zama ƙatuwar ƙwaya guda mai cibiyoyi da yawa jere a gefenta, tsakiyar dunƙulen kuma naman ya mutu ya koma fari mai marmashi kamar cuku. Da aka sa rini na musamman, sai ga 'yan siraran sanduna jajaye, wato ƙwayoyin tarin fuka, irin waɗanda likitan Jamus Robert Koch ya bayyana wa duniya a Berlin ranar 24 ga Maris, 1882.

Washegari kawu ya fara shan magani na wata shida, wanda gwamnati ke bayarwa kyauta. Da fitsarinsa ya koma ja-ja saboda rifampisin, ɗaya daga cikin magungunan, sai ya kira ni a tsorace tun kafin sallar asuba.