Tafiyata Bovington wajen tankokin Jamus, manya da ƙanana

Jirgin ƙasa na hau a tashar Waterloo da ke Landan da sassafe, mai zuwa Weymouth, tafiyar kamar awa biyu da rabi ce kafin ka sauka a wata ƴar ƙaramar tasha da ake kira Wool a yankin Dorset, kudancin Ingila. Daga nan zuwa gidan tarihin tankokin yaƙi na Bovington ba wani nisa, da ƙafa ma mutum zai iya, amma yayyafi ake yi ga sanyi, sai na bi wasu mutane muka shiga tasi tare. Ni dai abin da ya kai ni ranar da suke kira Tiger Day ce, ranar da ake fito da Tiger 131, wata tankar Jamus ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta yi tafiya a fili.

Ita wannan tanka a Afirka aka kama ta, a Tunisiya, watan Afrilun 1943. Harsashin wata tankar Birtaniya ne ya dake ta a ƙarƙashin bindiga ya maƙale, kan ya ƙi juyawa, sojojin Jamus ɗin da ke ciki suka fice suka bar ta kusan lafiyarta ƙalau, har yanzu tabon yana nan ana nuna wa mutane. Kamfanin Henschel da ke garin Kassel ya ƙera irinta wajen 1,350 tsakanin 1942 da 1944, amma a duk duniya ita kaɗai ta rage da injinta ke tashi. Da aka tayar da ita ƙasa har rawa take, tan 57 ne fa ke tafiya a gabanka, ga bindiga mai milimita 88, ga hayaƙin fetur, wallahi a ƙirji kake jin ƙarar ba a kunne ba.

To amma inda na ƙare yini na ba can ba ne. A gefe guda akwai wasu dattawa da suka zo da nasu tankokin, ƙanana, kwaikwayon na gaske, kashi ɗaya cikin shida na girman asalin. Kada ka ji na ce ƙanana ka ɗauka abin wasan yara ne na roba, a'a, ƙarfe ne zalla, da alminiyom da tagulla, tsawon Tiger ɗaya in ka haɗa da bindigarta ya kusa mita ɗaya da rabi, nauyinta ya haura kilo 100, mutum ɗaya ba ya ɗaga ta, sai dai a sa katako a bayan mota a tuƙo ta da rimot ta sauko da kanta. Wani kamfani ne a Ingila mai suna Armortek ya yi suna wajen yin su, kuma ba a haɗe ake sayarwa ba, a wargaje ake aiko maka cikin kwalaye, kai za ka zauna ka goge kowane guntu da magagari, ka yi fenti, ka ɗaure noti, ka sa injin lantarki da batir. Kuɗin kuwa dubban fam ne, ba na talaka ba ne gaskiya.

Wani dattijo mai farin gemu, tsohon makaniki ne inji shi, ya ga na tsugunna ina leƙa ƙarƙashin tasa na ƙi tashi, sai ya ce in matso in taɓa. Shi ya nuna mini abin da na kalla a babbar tankar ban gane ba. Ƙafafunta a sarƙe suke da juna, wata ta shiga bayan wata, guda 24 a kowane gefe a samfurin farko, an yi haka ne don nauyin ya bazu a kan sarƙa kada ta nutse, dabara ce mai kyau, sai dai in ta can ciki ta lalace dole ka kwance na waje da yawa kafin ka kai gare ta. Ya ce shi da sifana ƙarama a garejinsa mai ɗumi abin ya ci masa yini guda, to ina ga makanikin da ya yi wannan aikin a filin daga a Rasha, inda laka ke shiga tsakanin ƙafafun ta daskare da dare. Har sarƙar ma iri biyu ce da ita, mai faɗi ta yaƙi, da siririya da ake sauya mata in za a ɗora ta a jirgin ƙasa saboda faɗinta ya yi yawa.

Abin ya burge ni ƙwarai, don mutumin nan ya san tankar nan ciki da bai ba tare da ya taɓa shiga ta gaske ba, hannunsa ne ya koya masa, irin yadda yaron gareji ke sanin inji da kwancewa da ɗaurawa. Mun jima muna hira, na tambaye shi ko ba ya jin wani iri yana ƙawata makamin gwamnatin Hitler, ya yi shiru kaɗan ya ce yana ji mana, shi aikin ƙarfen yake so, amma duk yaron da ya zo kallo sai ya gaya masa cewa a masana'antar Kassel ɗin nan akwai dubban mutanen da aka kwaso daga ƙasashen da aka mamaye ana tilasta musu aiki. Na ji daɗin wannan amsa sosai, da ya ce mini ƙarfe ne kawai ba ruwansa da na tashi na bar wajen.

Sai wajen la'asar na samu na zaga cikin gidan tarihin da kansa, motocin yaƙi kusan 300 ne a ciki har da Little Willie ta 1915, tankar gwaji ta farko da Birtaniya ta ƙera, a gurguje na bi su saboda jirgin komawa. Duk wanda ke Ingila yake son zuwa ranar Tiger Day ya sayi tikiti tun da wuri ta intanet don ƙarewa yake yi, ya kuma tafi da rigar ruwa.