Wasiƙa daga Kanada: kwana ɗari a bakin tafkin ƙanƙara

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida. Ina gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya.

Akwai wani shirin talabijin da ake yawan zancensa a nan, sunansa Alone, na tashar History. Zango na bakwai nake so mu duba, wanda aka nuna a 2020. An kwashi mutum goma aka watsa su a gaɓar tafkin Great Slave, can arewacin Kanada, ƙasar mutanen Dene, kowa shi kaɗai, ba ya ganin ɗan uwansa, kuma shi yake ɗaukar kansa da kyamara. A zangunan baya wanda ya fi daɗewa ne ke cin dala 500,000. Wannan karon aka ce sai an cika kwana 100 cif, kuɗin kuma dala miliyan ɗaya. Wanda ya gaji akwai wayar tauraron ɗan'adam, ya kira a zo a ɗauke shi.

Kaya goma kacal ake yarda ka zaɓa, ban da tufafi. Yawanci zaɓin bai wuce gatari, zarto, wuƙa, tukunya mai cin lita biyu, ƙyastu, jakar barci, baka da kibau, wayar ɗana tarko, da ƙugiya ko ragar kifi ba. Ƙyastun nan kada a raina shi. Akwai wanda nasa ya ɓata, a kwana na goma ya kira waya. Da gaskiyarsa, don a can in ba wuta ba ruwan sha.

An sauke su a watan Satumba, wato ƙarshen gasar ya faɗa cikin Disamba, lokacin da hasken rana bai fi na awa biyar ba, sanyi kuma yana kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili. Saboda haka makonni huɗu ko biyar na farko su ne jarin mutum. A cikinsu zai gina ɗaki, ya tara itace, ya kama kifi ya yi bandarsa kafin bakin tafkin ya fara daskarewa. Akwai wani tsakani mai wuya: ƙanƙara ta hana jefa raga, amma ba ta yi kaurin da za a taka ta a huda rami ba. Wanda ba shi da ajiya, a nan cikinsa ke fara kiran ciroma.

Abin da mai kallo bai cika lura da shi ba shi ne kitse. Zomaye suna da yawa, tarkon waya kuma yana kama su, sai dai naman zomo tsoka ce zalla. Giram ɗaya na kitse yana ba da kalori tara, na tsoka huɗu, kuma jiki yana da iyakar tsokar da zai iya sarrafawa a yini. Mutum sai ya riƙa cin zomo kullum yana ramewa, ga gudawa, ga kasala. Kamar a ce a tsare ka da kilishi wata uku, ba mai ba tuwo. Shi ya sa za ku ga suna fasa ƙashi su sha ɓargo, suna cinye ƙwaƙwalwa da ido, ba sa zubar da romon kan kifi. A zango na shida, a wannan tafkin dai, Jordan Jonas ya harbe ƙatuwar barewar nan da suke kira mus, sai wata dabba 'yar uwar dage ta haye masa rumbu ta sace kitsen. Ga nama jibge, amma hankalinsa ya tashi.

Roland Welker, wanda ya ci zango na bakwai, ya gane wannan lissafi. Ya harbi wani bijimin daji mai gashi har ƙasa da kibiya, ya ƙarasa shi da wuƙa, ya yi ta jigilar naman zuwa masauki, ya kyafe shi, ya killace shi da gungumen itace saboda ɓarayin dabbobi. Ɗakinsa kuwa na dutse ya yi, gajere, da murhu a ciki. Ginin ya cinye masa ƙarfi sosai, kuma caca ce, don da bai samu bijimin ba da aikin dutsen ne zai kayar da shi. Amma dutse yana riƙe ɗumi bayan wuta ta mutu, kuma ba ya kamawa da wuta yadda rassan itace suke yi.

Fita ba kullum da son rai ba ce. Likitoci suna zuwa lokaci-lokaci su auna nauyi, su duba hawan jini da yatsu. Callie Russell, wadda ta zo ta biyu, ba ta kira waya ba. Sanyi ne ya yi wa yatsun ƙafarta illa, likitoci suka cire ta a kwana na 89, saura kwana goma sha ɗaya. Irin wannan ciwon daga jiƙaƙƙiyar safa yake farawa, ko gumin da ya huce cikin takalmi, a jikin da ya rame jini ba ya isa ƙafa sosai. Yatsan zai mutu ba zafi, sai an cire safa a ga ya yi fari ya ƙage.

A gaida mutanen gida.

Naku, daga Kanada.