Randar amarya daga kasuwar Mirya

Gwaggona ce ta kafe kan cewa ba za a kai ƙanwata ɗakin miji da robar ruwa kaɗai ba, sai da randa, randar ma ta Mirya. Shi ya sa ranar Lahadi, wadda ita ce ranar kasuwar garin, muka bar unguwar Zango a Damagaram tun da sanyin safiya muka nufi tasha. Kilomita 18 ne kacal gabas da Damagaram, a kan babbar hanyar da ta wuce Gure har Diffa, amma sai da muka shafe fiye da awa guda muna jiran mota ta cika, yaron mota yana ta rantsuwa saura mutum ɗaya.

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san wahalar ruwa. Garinmu a kan dutse yake zaune, da bazara famfo kan yi kwanaki ba ɗigo, sai a koma ga ƴan garuwa. Saboda haka abin da ya fara cika mini ido da muka doshi Mirya shi ne kore: manyan kukoki, dabino, mangwaro, ga lambuna a kwance cikin kwari. A nan guga ba ya yin nisa kafin ya taɓa ruwa. Ni a ganina wannan ruwan da yumɓun da ke gefensa su ne suka raya garin.

Mirya tsohuwar masarauta ce, ɗaya daga ƙasashen Sosebaki, ita da Dungas da Wacha, kafin Damagaram ta yi ƙarfi ta rinjaye su a ƙarni na 19. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni, tsohon garin Damagaram, da ganuwa ya yi mulki har 1884, ayarin raƙuma daga Tarabulus kan biyo ta Agadas su sauka a Zango kafin su wuce Kano. Fatake kuwa sai sun ci sun sha, kuma garuruwan kewaye masu ruwa irin wannan ne ke ciyar da babban gari. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya karya kasuwar ayari, a 1926 kuma aka ɗauke hedikwatar mulki aka kai Yamai. Birni ya ji jiki, amma mai lambu da mai tukunya ba su rasa masu saye ba.

Gwaggo ta shige layin masu tukwane, ni na tsaya wurin mai shayi. Wani dattijo mai sayar da igiya ya matsa mini a benci. Na ce, "Baba, yaya kasuwa?" Ya ce, "Kasuwa sai godiya, ɗana, amma ba ka ga kasuwa ba tunda ba ka ga zamanin gyaɗa ba." Ya ba ni labarin yadda da kaka ake kafa sikeli, buhuna su yi tsibi, manomi ya biya haraji ya yi wa iyali ɗinki har ya sayi keke. Zamanin SONARA yake nufi, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1962 don sayen gyaɗa. Farin 1973 da 1974 da cutar gyaɗa da ta biyo baya suka kwantar da noman, mutane suka karkata ga wake, wanda yawancinsa Najeriya ake kai wa. Tun daga nan, in ji shi, in Naira ta faɗi ko aka rufe iyaka kamar yadda aka yi a 2019, har mai sayar da igiya sai ya ji a aljihunsa.

Na tarar da Gwaggo a tsugune gaban wata tsohuwa maginiya. Randuna a kife a jere, jajaye, wasu da farin zane a wuya, ga tuluna, kaskon turaren wuta, asusu, har da ƴan dawakai na yumɓu don yara. Gwaggo ba ta kula zanen ba. Sai ta ɗaga randa ta ƙwanƙwasa cikinta da bayan yatsa, ta kara kunne. Ta farko ta yi wani sauti a dushe, ta ajiye ba ta ce uffan ba. Ta uku ce ta amsa da ƙara garau.

"Iya, nawa wannan?"

"Jika uku, Hajiya."

Gwaggo ta taya jika ɗaya da rabi. Tsohuwar ta ce albarka, ta kau da kai tana gyara gammo. Da ta ji ta amarya ce sai ta saki fuska, ta sallama a jika biyu, ta ɗora kaskon turare a kai gyara, tana cewa Allah ya ba da zaman lafiya. Na lura da tafin hannunta, duk ya tsattsage, yumɓu ya zauna cikin faratan. Ta ce wurin kakarta ta koya, kuma roba ta rage musu ciniki ƙwarai, sai dai da zafi ya matso, wutar lantarki ta fara wasan ɓuya, masu firji ma kan dawo neman randa.

Muka ƙara da albasa da barkono da ɗan dabino, muka koma tasha bayan azahar. Yaron mota ya so ya ɗaure randar a sama tare da buhunan wake da akuya biyu, Gwaggo ta ce ko kusa. Haka na biya kuɗin kujera guda, na rungume ta har Damagaram, ƙafata ta yi sanyi tun kafin mu kai rabin hanya. Randa ta iso lafiya. Kaskon gyaran ne da na cusa cikin buhun albasa muka tarar ya rabe biyu, kuma har yau in an ƙona turare a gidan Gwaggo sai ta tuna mini.