Asabar: ranar rufe injin Vespa

Asabar, tsakiyar hunturu. Na fara aiki bayan sallar asuba, tun ƙura ba ta tashi ba. Na yayyafa ruwa a zaure kafin in buɗe komai, domin ƙurar wannan lokaci idan ta shiga boris ko ta kwanta a jikin bulok, yashi ka zuba wa injinka da hannunka.

Babur ɗin Vespa PX 150 ne, mai giya huɗu a hannun hagu, daga jerin PX da kamfanin Piaggio na Italiya ya fara fitarwa a 1977. Nawa na baya ne kaɗan, mai wutar lantarki marar kontak, kuma ba shi da famfon baƙin mai, a tanki ake haɗa masa. Sati uku ke nan injin yana warwatse, kowane ƙarfe a gwangwaninsa da rubutu a jiki. Ciwonsa uku ne: farin hayaki mai kauri da ƙauri, giya ta uku tana fita da kanta in an ba shi wuta, sannan sulo ba ya zama wuri ɗaya. Duk wanda ya ga hayakin cewa yake yi ringi ne. Ringin ya ci, gaskiya ne, amma ba shi ne tushen ciwon ba. Da na tsiyaye man giya sai na tarar bai kai rabi ba, ya yi ruwa-ruwa, yana warin fetur. Wannan shaida ce cewa sil ɗin ɓangaren kuloci, wato zoben da ke hana mai tsallakawa, ya mutu: inji yana zuƙar man giya yana ƙonawa, fetur kuma yana tsallakawa cikin giya. Ko ringi goma ka canza, hayakin yana nan.

Da boris na fara. Tun dare na sa sabon a leda na tura cikin kula mai ƙanƙara. Gidan injin kuma na ɗumama shi a hankali a kan risho, ina jujjuyawa, har ɗigon ruwa ya fara tsalle in ya taɓa shi. Alminiyam yana buɗewa da zafi fiye da ƙarfe, don haka boris mai sanyi ya faɗa gurbinsa da ɗan turi kawai, ba guduma. Masu buga shi da sanyi suna kankare gurbin ne, bayan wata biyu boris ya fara juyawa a cikin gidansa, gyaran kuma ya fi na farko tsada. Na mayar da kilif ɗin da ke riƙe shi, na jira ya huce, sannan na saka sil. A nan akwai tarko. Sil na wannan ɓangaren iri biyu ne, mai bayan roba da mai bayan ƙarfe. Gidan da ke da tsagi a gurbin sil, mai roba yake so, marar tsagi kuma mai ƙarfe. Nawa marar tsagi ne. Na shigar da shi daidai da fuskar gidan, na zagaya da yatsa don in ji ko wani gefe ya ɗago, saboda in ya ɗago ko kaɗan kiranshaf zai riƙa gogarsa har ya cinye shi. Leɓen sil na shafa masa man inji, kada ya fara aiki a bushe.

Kafin in saka kiranshaf na daɗe ina duban wurin da mutane da yawa ba sa dubawa. Wannan inji ba shi da bawul irin na Jincheng. Kumatun kiranshaf ne da kansa yake buɗe ƙofar mai yana rufewa, yana wucewa dab da wani ɗan dandamali a cikin gidan inji, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin takarda biyu ba. Idan wani ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa bi ta wurin ya yi masa zane mai zurfi, fetur zai riƙa dawowa ta kafireto, babur ya ƙi tashi da safe, kuma babu saitin da zai gyara shi. Na haska da tocila, na bi da farce. Zane biyu ne marasa zurfi, farce bai maƙale ba. Alhamdulillahi, da ya maƙale da aikin yau bai yiwu ba.

Sai giya. Abin da ke zaɓar giya a cikin shaf ɗan ƙarfe ne mai hannu huɗu, makanikai suna kiransa kuros. Tsohon kusurwoyinsa sun zama kamar an tsotsi alewa, shi ya sa ta uku take zamewa. An yi shi da ƙarfe mai taushi da gangan, don shi ya ci maimakon haƙoran giya. Abu biyu a kiyaye. Sandar da ke ɗaure shi zarenta na hagu ne, wato yadda ka saba ɗaurewa nan ne kwancewa, mutane da yawa sun karya ta a nan. Na biyu, kuros na tsofaffin PX yana da ɗan lanƙwasa, na baya kuma shimfiɗaɗɗe ne, ba a musanya su. Na tafi kasuwa da tsohon a aljihu, na ɗora shi a kan sabon kafin in biya. Kayan LML, wanda aka riƙa ƙerawa a Indiya a kan tsarin PX, da yawansu suna shiga, amma sai an gwada ido da ido. Bayan na jera giyoyin huɗu yadda na ciro su, na auna wasan da ke tsakaninsu da siraran ƙarafunan awo guda biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Ya haura rabin milimita. Na canza washa mai kauri, ya dawo 0.3. In an bar wasan da yawa, sabon kuros ma ba zai yi shekara ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na rufe ɓari biyun gidan injin. Sabon fakin takarda, an shafa masa giris siriri, ba tulin gam ba. Gam in ya yi yawa matsewa yake yi ya faɗa ciki. Ɓarin ya tsaya saura kamar kaurin yatsa ya ƙi haɗuwa, kuma wannan ba wurin ƙarfi ba ne: haƙoran kik ne ba su shiga juna ba. Na saka sandar kik na danna ta ƙasa kaɗan, sai ji na yi ƙwas, ya zauna. Na ɗaure notocin daga na kusa da kiranshaf zuwa waje, ina juya kiranshaf da hannu bayan kowane zagaye don in tabbatar bai ɗaure ba.

Bulok ya dawo daga wurin masu borin tun ranar Laraba. Asalin faɗinsa milimita 57.8, yanzu an kai shi 58.0, girma na farko, da fistan da ya dace da shi. Sun yi aiki mai kyau, amma bakin ƙofofin da ke cikin bulok sun fito da kaifi kamar reza, kuma haka suke fitowa bayan kowane borin. Na bi su da ƙaramin zarto da samfefa na kashe kaifin, musamman ƙofar salansa, domin nan ne ringi yake kamawa ya karye. Na wanke da ruwan omo mai zafi har farin ƙyalle ya daina yin baƙi, na busar, na shafa mai nan take kafin tsatsa ta fito. Kowane ringi na tura shi cikin bulok shi kaɗai na auna bakinsa: ɗaya 0.3, ɗaya 0.25, duk suna cikin ƙa'ida. Kibiyar da ke kan fistan tana kallon salansa. Bakin kowane ringi ya zauna a kan ɗan ƙusar da ke cikin tsaginsa. Kilif na fin sababbi ne, kuma na toshe bakin gidan inji da tsumma kafin in saka su, don in ɗaya ya kuɓuce ya faɗa ciki sai an sake raba injin gida biyu. Kan silinda ba shi da fakin a wannan samfurin, ƙarfe ne a kan ƙarfe, don haka na goga fuskarsa a kan samfefa mai laushi da na shimfiɗa a kan gilashi har ta yi haske bai ɗaya. Notoci huɗu, a gicciye, kaɗan-kaɗan, har ma'aunin ƙarfin ɗauri ya kai Nm 17.

Bayan azahar na yi gwajin da nake ganin ya fi duk wani kayan ƙawa muhimmanci. Na toshe ƙofar kafireto da ta salansa da yankin tsohon tib, na haɗa famfon awon jini a ramin fulogi, na hura iska kaɗan, kamar fam 5, na zuba ido minti biyar. Allurar ba ta motsa ba. Inji mai bugu biyu da iskar cikin gidansa yake aiki. In yana shaƙar iska ta wata kafa, mai zai yi masa kaɗan, ya yi zafi, fistan ya kama a tsakiyar titi. Sau da yawa nokin da ake ɗora wa man inji ko zafin rana daga nan yake.

Kuloci bai ba da wahala ba. Farantansa uku sun kwana a cikin man giya. Abin lura shi ne ɗan tagullan da ke cikin murfi, wanda ke danna kuloci: na manna shi da giris, in ba haka ba yana faɗuwa lokacin rufewa, ka ja hannu ka ji babu komai. Ta ɗaya ɓangaren, farantin kwayil yana da alama biyu, A da IT. Na 150 a kan IT yake zama, wato digiri 18 kafin fistan ya kai ƙololuwa. Alamar A ta mai 200 ce. Na duba ɗan makullin nan mai siffar rabin wata ya zauna sosai kafin in ɗora magneto, na ɗaure notinsa Nm 60. Man giya SAE 30, mililita 250, ana ɗurawa har ya fara dawowa ta ramin.

La'asar ta yi injin yana jikin babur. Fetur lita 5, man haɗi mililita 100, kashi 2 cikin 100 ke nan, kuma na auna da sirinji, ba da murfin gora ba. Man da aka yi don inji mai bugu biyu, ba baƙin man mota ba, wanda yake cika salansa da gawayi. Fulogi NGK B6HS, tazara 0.6. Na buɗe mai, na ja cok, kik na huɗu ya tashi.

Ya tashi, amma sulo ya haye sama, kuma in na saki totur ba ya dawowa da wuri. Tunda injin ya riƙe iska a gwaji, laifin yana daga kafireto zuwa sama. Na fesa ɗan fetur a gindinsa, ƙarar inji ta canza nan take. Da na ciro shi na ɗora a kan gilashi sai ga shi yana rawa. Wannan kafireto, Dell'Orto SI 20/20, da kusoshi biyu kawai ake ɗaure shi, kuma wani ya taɓa matse su fiye da kima har jikinsa ya lanƙwashe, shi ya sa ƙyauren totur ma yake kamawa. Minti ashirin ina goga gindinsa a kan samfefa da gilashi. Fakin biyu na canza, na ƙarƙashin akwatin kafireto da na ƙarƙashin kafireton kansa. Na ɗaure kusoshin bi da bi, ina jan totur bayan kowane juyi don in ji ko ya fara nauyi. Sukurun iska da ke baya na mayar da shi ƙarshe a hankali, na dawo da shi juyi biyu da rabi. Sulo ya zauna, tum-tum-tum, irin sautin da duk wanda ya tashi a cikin birni ya san shi daga nesa, tun zamanin da malamai da 'yan kasuwa suka riƙe Vespa.

Canjin da na yi masa kaɗan ne. Salansa sabuwa ce mai ɗan faɗin ciki, siffarta irin ta asali. Ban yarda da fasa salansa a zare cikinta don ƙara ba: ƙarfin ƙasa yake tafiya, mai ya ƙaru, maƙwabta su sha wahala. Tunda sabuwar ta fi numfashi, dole mai ya ƙaru, don haka babban jet, ɗan ramin da mai ke bi a kafireto, da na tarar lamba 100 na mayar da shi 104. Gara a fara da yawa a rage, fulogi ya yi baƙi ya fi fistan ya huje. Matatar iska na bar ta a wurinta, a ƙurar nan tamu cire ta ganganci ne.

Kafin magariba na zagaya unguwa sau uku a giya ta biyu da ta uku. Ta uku ta zauna daram. Hayakin ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi. Ta huɗu tana ɗan wuyar shiga, wannan saitin kebur biyun nan ne na giya, gobe zan ja ɗaya in sassauta ɗaya har alamar hannu ta daidaita da furi. Kilomita 500 na farko ba zan riƙe totur a ƙarshe ba, daga nan in sake ɗaure kan silinda, in canza man giya, in duba launin fulogi.

Tayoyin 3.50-10 suna jingine a bango, su ma na gobe ne. Rim ɗin ɓari biyu ne da notoci biyar, kuma sai an sace iskar tib gaba ɗaya kafin a taɓa su. Na baya na leƙa cikinsa da tocila, tsatsa ta yi ɓawo a inda tib yake kwanciya. Zai sha burushin ƙarfe da jan fenti kafin sabon tib ya shiga.